Yadda Ake Shirya Doki Don Gasar Dogon Zango a Filin Kilisa

A gasar dogon zango doki kan yi kilomita 80 zuwa 160 a yini guda, kuma a kowane zango likitan dabbobi zai duba shi, ba za a bar shi ya ci gaba ba sai bugun zuciyarsa ya sauko zuwa 64 a minti ɗaya kuma ba ya ɗingishi. Filin kilisa mai tsawon mita 40 da faɗin mita 20 ba zai maye gurbin doguwar tafiya a waje ba, amma a cikinsa ake gyara abin da nisa ke tonawa, wato dokin da ya fi dogara da ɓangare ɗaya na jikinsa.

A fara da tafiya ta minti goma, linzami a sake, har jikinsa ya ɗumama. Daga nan a shiga sassarfa ta minti biyar, a koma tafiya minti biyu, a maimaita sau uku. Duk mako a ƙara ɗan lokaci, amma kada a haɗa ƙarin tsawon aiki da ƙarin sauri a mako ɗaya.

Zagaye shi ne ginshiƙin aikin. A yi manyan da'irori masu faɗin mita 20, a riƙa sauya hannu, domin kusan kowane doki yana da gefen da ya fi masa sauƙi, kuma mahayin da ya biye masa zai tarar ƙafa ɗaya ce ke ɗaukar wahala. A jera sanduna a ƙasa ya riƙa tsallakawa, a kuma yawaita sauyi tsakanin tafiya da sassarfa da tsayawa, don ƙarfin turawa ya fito daga ƙafafun baya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawa. Zuciya tana ƙarfi cikin makonni, amma jijiyoyi da ƙashi sai sun ɗauki watanni masu yawa, don haka dokin da ba ya haki yana iya ruɗar mai shi. Yashi mai zurfi da ƙananan da'irori suna gajiyar da jijiyoyi, gara a guje musu.

Bayan kowane aiki a auna bugun zuciya a rubuta, a sake aunawa bayan minti goma, sannan a shafa ƙafafu ana neman zafi ko kumburi. Idan an ji ko ɗaya, a hutar da shi. Kwana biyu a mako a fili sun isa, sauran na hanya ne da hutu.