Yadda Ake Tsara Layin Wuta Daga Injinan Igiyar Teku Zuwa Tudu

Ɗaliban injiniyan lantarki da ke kawo mini aikin kammala karatu a nan Gombe sun fara zuwa da wani batu da a da ba a jin sa: injinan da ke yin wuta da igiyar ruwan teku, da yadda za a haɗa su da kebul a kai wutar tudu. Akwai masu cewa mu da ba mu da teku ina ruwanmu. Ban yarda da su ba. Gaɓar tekun Najeriya ta kai kusan kilomita 850, kuma yaron da aka horar a Gombe ko Bauchi gobe yana iya tsintar kansa a Legas ko Fatakwal. Ga yadda nake sa su bi aikin.

Kafin ka ja layi ko ɗaya a takarda, ka fahimci irin wutar da za ka ɗauka. A madatsar Dadin Kowa, mai megawat 40, ana sakin ruwa daidai gwargwado, injin ya yi ta juyawa da ƙarfi ɗaya. Igiyar teku ba haka take ba. Tana zuwa duk bayan daƙiƙa takwas zuwa goma sha biyu, ta ɗaga inji ta sauke shi, wutar kuma ta fito kamar ruwan famfon tuƙa-tuƙa: a danna ya ɓulɓulo, a ɗaga ya tsaya. Ƙarfin da inji ɗaya ke bayarwa a ƙololuwa yana iya ninka matsakaicinsa sau da yawa.

A nan ne yawancin ɗalibai ke zamewa. Sai su ɗauki ƙololuwar kowane inji su tara, su zaɓi kebul mai kauri da ba wanda zai iya biyan kuɗinsa. Kebul ba ya ɗumama cikin daƙiƙa biyu, sai ya daɗe yana ɗauke da kaya. Saboda haka kaurinsa ana auna shi ne da wutar da ke ratsa shi na tsawon lokaci a ranar da teku ya tashi, amma inbata (na'urar da ke daidaita wutar inji da ta layi) da bireka (mai yanke wuta in ta yi yawa) su ne ke ganin kowace ƙololuwa, su za a zaɓa da ita. Sannan injinan ba sa ɗagawa tare. Idan ka jera su da tazara ta yadda igiya ke isa ga wani bayan ta bar wani, wutar da ta taru a babban layi takan fi ta kowane ɗaya kwanciya. Abin da ya rage sai a lallashe shi da ma'ajiya. Injin Pelamis na Sikotilan, lokacin da yake aiki, yana da tankunan mai masu matsi a cikinsa, suna riƙe ƙarfin su sake shi a hankali ga janareta. Idan aka yi sakaci da wannan, fitilun garin da ke bakin gaɓa za su riƙa kyaftawa da kowace igiya.

Sai zaɓen ƙarfin layi. Janaretan cikin inji yakan ba da bolt 400 zuwa 690, dole a ɗaga shi da taransifoma. Yi lissafin da ka saba. Megawat 10 a kan kilobolt 11 yana jan amfiya kusan 550, a kan kilobolt 33 kuwa kusan 185. Kashi ɗaya cikin uku ke nan, asarar zafi kuma a kebul iri ɗaya ta ragu sau tara. Don ƙaramar gona ta gwaji, wato wurin da aka jera injina a teku, kilobolt 11 ya wadatar, shi ne ma ake amfani da shi a cibiyar gwaji ta EMEC da ke tsibiran Okni a Sikotilan, wadda aka kafa a 2003. Da zarar ka doshi megawat goma, ka koma 33. Wutar da muka saba da ita, mai juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta isa, domin gonakin nan ba su da nisa. Ta Aguçadoura a Fotugal an kafa ta ne kilomita biyar daga gaɓa, cibiyar gwaji ta Wave Hub ta Konwal a Ingila kuma kilomita 16.

Yanzu ga wurin da nake so a daɗe: yadda za a haɗa injinan da juna. Hanya mafi arha ita ce a jera su a layi ɗaya, na farko ya ba na biyu, na biyu ya ba na uku, irin yadda muke jera taransifomomin unguwa a fida ɗaya, wato layin rarraba wuta guda. A tudu wannan ba laifi, an kira mu mun hau mota mun je. A teku kuwa injin ba a gyara shi a wurin, kwance shi ake yi a ja shi da jirgi zuwa tashar ruwa. Ka cire na tsakiya, duk na bayansa sun mutu, ga shi teku na iya hana jirgi fita makonni. Shi ya sa na fi son a kasa injinan gungu-gungu, kowane inji da nasa kebul zuwa akwatin haɗi guda, daga akwatin kuma babban layi ya wuce. Kebul ya ƙaru, kuɗi ya ƙaru, amma cire inji ɗaya ba ya taɓa sauran. In dole sai an jera su, to a sa haɗin a ƙasan teku, kowane inji ya sauko da reshensa, kada babban layi ya ratsa ta cikin injin. Wannan ba tsoro ba ne kawai. Injina uku na Aguçadoura, kowanne kilowat 750, an ƙaddamar da su a Satumbar 2008, bayan wata biyu kacal aka ja su zuwa tashar ruwa don gyara, ba su sake komawa ba.

Guntun kebul ɗin da ke saukowa daga inji zuwa ƙasan teku shi ne mafi wahala a duk tsarin. In ka yanka shi ka duba, za ka ga jan ƙarfe uku kowanne cikin farar roba mai kauri, da siririn zaren gilashi na aika saƙo a tsakaninsu, sai wayoyin ƙarfe hawa biyu da aka naɗe, ɗaya dama ɗaya hagu, don kada ya murɗe. Igiya ɗaya duk daƙiƙa goma, sau 8,640 ke nan a yini, sama da miliyan uku a shekara, kuma kowace sai ta lanƙwasa shi. Ba a barin sa ya sauka a miƙe. Ana ɗaura masa robobi masu tasowa sama a ruwa a tsakiyarsa ya yi ƙusumbi a cikin ruwa, motsin ya ƙare a nan kafin ya kai ƙasa. Inda ya fito daga jikin inji kuma a sa masa hannun roba mai tauri. Ka ƙara nauyin ƙwarin teku da ciyawar da za su manne masa a lissafinka.

Mahaɗi, wato abin da ake jona kebul da shi, iri biyu ne. Akwai wanda sai an ɗago shi kan jirgi a haɗa a bushe, akwai wanda ake haɗawa a cikin ruwa. Na biyun ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma a gefen inji, inda za a yi ta cirewa da mayarwa, shi zan zaɓa.

Babban layin da ke zuwa tudu a binne shi mita ɗaya zuwa biyu, domin ankar jiragen ruwa da komar masunta su ne suka fi yanka kebul. Inda dutse ne a rufe shi da duwatsu ko katifar kankare. A bakin gaɓa a haƙa rami ta ƙarƙashin yashi a zura shi cikin bututu, kamar yadda aka yi a cibiyar gwaji ta PacWave da ke Oregon a Amurka. Kebul mai tsawo yana jan wata wuta ta kansa ko ba kaya, ka lissafa ta, in ta yi yawa ka sa na'urar shanye ta a tashar tudu. Duk abin da zai iya zama a tudu, mita ne, babbar bireka ce, batir ne, ka bar shi a tudu.

Daga nan ka zana tsari biyu ko uku, ka jera kuɗin kebul, na mahaɗai, na hayar jirgi, da wutar da za a rasa duk lokacin da inji ɗaya ko layi ɗaya ya fita har zuwa ranar da teku zai lafa. Takardar da ba ta da wannan lissafi na ƙarshe ba na sa mata hannu.