Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓar manhajar ɗaukar waƙa da sauya ta

Matashi zai tara kuɗi ya sayi kwamfuta da makirufo, ya manna soso a bangon ɗakinsa, sai ya zo yana tambaya: wace manhaja ce ta fi fitar da sauti? Tun daga wannan tambayar aka kauce hanya. FL Studio da Cubase da Reaper, in ka ba su murya ɗaya ba ka taɓa ta ba, abu ɗaya za su mayar maka. Muryar da ta fito da amsa-kuwwa, ɗakin ne da inda aka kafa makirufo. Ka tambayi kanka aikin da ka fi yi. In haɗa kiɗa ne, FL Studio ta kamfanin Image-Line na Beljiyam tana da sauƙin hannu. In kuwa kullum kana tare da mawaƙi da 'yan amshi, ana ɗaukar muryoyi layi kan layi, Cubase ta Steinberg da ke Jamus ko Reaper sun fi dacewa da wannan zama.

Sai saye ba tare da karanta abin da ke ciki ba. Mafi arahar FL Studio, wadda ake kira Fruity, ba ta ɗaukar murya daga makirufo. Sai ka hau zuwa Producer. FL Studio ta gwaji kuma za ta bar ka ka ajiye aiki, amma ba za ta sake buɗe shi ba sai ka biya. Wata manhajar kuma, Logic Pro, ba ta hawa Windows ko kaɗan. Reaper tana ba da kwana 60 na gwaji, lasisinta na mai ƙaramin aiki dala 60 ne, kuma ba ta wahalar da tsohuwar kwamfuta.

Da yawa suna barin manhaja saboda mawaƙi yana jin muryarsa a makare cikin abin kunne. Wannan ba laifinta ba ne. Saka direban ASIO na katin sautinka, wato 'yar manhajar da ke haɗa katin da kwamfuta, ka rage bafa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sake shi, zuwa 128 ko 256 lokacin ɗauka, ka mayar da ita sama in za ka haɗa sauti.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne sauya manhaja ana tsakiyar aiki, domin ya taɓa cin ni. Waƙar biki ce, saura kwana uku a karɓa, na kwashe fayilolin murya haka nan na zuba a sabuwar manhaja. Kowane amshi ya koma farkon layi ya taru wuri guda, na kwana ina jan su ɗaya bayan ɗaya da kunne. Fayil ɗin aikin wata manhaja galibi ba ya buɗuwa a wata. Abin da ya kamata in yi shi ne in fitar da kowane layi daban a matsayin fayil ɗin sauti na WAV mai bit 24, dukansu daga farkon waƙar har ƙarshe, ko da wurin shiru ne, domin su jeru da kansu. A rubuta saurin kiɗan a sunan jakar. A duba ma'aunin ɗaukar sautin, ko a 44.1 kHz ko 48 kHz aka yi ɗaukar, don in suka saɓa murya na iya sauya amo. Muryar jagora a fitar da ita sau biyu, ɗaya da gyara, ɗaya tsurarta. Kiɗan fiyano kuma a haɗa da MIDI ɗinsa, wato fayil ɗin da ke riƙe da bayanin maɓallan da aka danna.

Filogin ma, wato ƙananan manhajojin gyaran sauti da kiɗa da ake sakawa cikin babbar, ba duka ke bin ka ba. Waɗanda suka zo cikin manhaja galibi a nan suke zama, kuma Logic nau'in AU take karɓa, manhajar Pro Tools kuma AAX, ba nau'in VST da su Cubase ke karɓa ba. Saboda haka kada ka goge tsohuwar manhajar. Wata rana mai waƙa zai dawo ya ce a cire sunan wani a baiti na uku, kuma a can kaɗai za ka iya buɗe aikin.