Yadda ake cire sarƙar keke a mayar da ita a gida

Kafin ka ɗauki guduma, juya feda baya a hankali kana duba sarƙar gaɓa-gaɓa. Kekuna marasa giya, irin su Phoenix da Raleigh, galibi suna da gaɓa ɗaya ta daban, mai ɗan siririn ƙarfe mai baki a fuskarta. Ita ce makulli. Sassauta notocin tayar baya, ka tura tayar gaba har sarƙa ta saki. Da filaya za ka ture ɗan ƙarfen ta wajen bakinsa, amma ka dafe shi da yatsa, don in ya yi tsalle ya faɗa yashi sai dai ka sayi wani.

In ba makulli, sai an tura fil guda, wato ɗan ƙarfen da ke haɗa gaɓa da gaɓa. Akwai ɗan ƙarfe mai zare da aka yi don wannan aiki. In ba ka da shi, ɗora gaɓar a kan noti, ka sa ƙusa ka riƙa bugawa kaɗan-kaɗan. Kada fil ɗin ya fita duka. Bar shi maƙale a ɓangaren waje, domin in ya faɗo mayar da shi wahala ce. Sarƙar keke mai giya 9 zuwa sama kuwa ba a maimaita fil ɗinta, sabon makulli daidai da yawan giyar ake sa mata.

Wanke ta da kananzir, ta bushe, sannan ka auna. Rabin inci ne tsakanin fil da fil, wato tazara 24 inci 12 ke nan. In ta zarce da 1/16 na inci, ta cinye. In ta kai 1/8, haƙoran firwil na tayar baya ma sun tafi, sabuwar sarƙa za ta riƙa tsallakewa a kansu.

Wajen mayarwa ne aka fi kuskure. Rufaffen kan ɗan siririn ƙarfen makullin nan shi ke fuskantar inda sarƙa take tafiya: in makullin yana layin sama, kan ya kalli gaban keke. In aka juya shi, abu kaɗan zai taɓa bakin ya fizge shi ana cikin tafiya. Gaɓar da ka buga in ta ƙage, lanƙwasa ta gefe da gefe har ta saki.

Ja tayar baya, ka bar wa sarƙa wasa kamar rabin inci sama da ƙasa, ka ɗaure. Ɗigon mai ɗaya a kowace gaɓa ya isa, ka goge sauran da tsumma. Baƙin mai da ake lafta mata, ƙurar hunturu kawai yake tarawa.