Yadda za ka bi da kumburin ƙafa da sauran illolin Amlodipine

Sau da yawa mai hawan jini kan fito daga asibiti an rubuta masa Amlodipine, ƙwaya ɗaya a rana, mai miligiram 5 ko 10. Aikinsa shi ne sassauta hanyoyin jini su buɗe, kuma yawancin illolinsa daga wannan buɗewar suke fitowa.

Da farko ka san abin da kan zo a kwanakin farko: ciwon kai, zafi a fuska, bugun zuciya, da jiri. Galibi suna lafawa idan jiki ya saba. Kafin nan, idan za ka tashi daga kwance, ka ɗan zauna a bakin gado tukuna.

Sai ka riƙa duba ƙafafunka da yamma, domin nan ne maganin ya fi damun mutane. Za ka ga takalmin da ka sa da safe ya matse, safa ta bar shatinta a fata. Danna saman idon sawu da babban yatsa na ɗan lokaci; idan ka ɗaga ka ga rami ya zauna, ruwa ne ya taru. Ƙananan hanyoyin da ke kai jini ƙafa sun buɗe fiye da masu mayar da shi, sai ruwa ya riƙa tsattsafowa cikin nama. Ya fi faruwa ga mai shan miligiram 10, kuma ya fi yawa ga mata. Ka ɗora ƙafafun a kan matashi idan ka kwanta, ka rage doguwar tsayuwa.

A nan ne mutane ke kuskure, kuma abin yana damuna ƙwarai. Wani ya daina shan maganin shiru, jini ya sake hawa bai sani ba. Wani ya wuce kemis ya sayo Lasix, maganin da ke sa yawan fitsari, alhali wannan kumburin ba ya jin maganin fitsari sosai, sai dai ya tsotse masa ruwan jiki. Ka koma wurin likita, ka nuna masa ƙafar. Yana iya rage ƙarfin ƙwayar, ko ya haɗa maka da wasu magungunan hawan jini, Lisinopril ko Losartan, waɗanda kan rage kumburin, ko ya sauya maganin baki ɗaya. Ka faɗa masa duk abin da kake sha, musamman Simvastatin, maganin rage kitse a jini, wanda ba a son ya wuce miligiram 20 tare da Amlodipine.

Kada ka manta da baki: dasashi kan kumbura ga wasu, don haka ka riƙe buroshi ko asuwaki safe da dare.

Idan kuwa ƙafa ɗaya ce kawai ta kumbura tana zafi, ko numfashi na sarƙewa idan ka kwanta, ko ƙirji na ciwo, ko leɓe da harshe sun kumbura, kada ka jira ranar ganin likita. A kai ka asibiti a take.