Yadda ake ziyartar tsoffin fadoji da gidajen manya a yankin Kent na Ingila

Kent yana kudu maso gabashin Ingila, tsakanin Landan da gaɓar tekun da ke fuskantar Faransa. Wannan kusanci da Faransa ne ya sa sarakunan Ingila suka cika yankin da fadoji masu ganuwa, daga baya attajirai suka bi su da katafaren gidaje da lambuna. Ga yadda za ka tsara tafiyarka.

Da farko ka san wanda ke riƙe da kowane wuri, domin a nan baƙi suka fi yin asarar kuɗi. Fadar Dover tana hannun ƙungiyar English Heritage. Gidan Knole da kuma Chartwell, gidan da Winston Churchill ya saya a 1922, na ƙungiyar National Trust ne. Fadar Leeds da ta Hever kuwa kowacce na cin gashin kanta, katin waɗancan ƙungiyoyi ba zai shigar da kai ba. English Heritage na sayar wa baƙi 'yan ƙasashen waje tikitin kwana 9 ko 16, amma ba zai biya ka ba sai idan wurarensu da yawa za ka zaga.

Na biyu, zaɓi lokaci. Daga Afrilu zuwa Oktoba ya fi. A lokacin hunturu gidaje da dama na rufe ɗakunansu, kuma a Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe 4, har Azahar da La'asar su zo kusa da juna. Sayi tikiti ta intanet tun kafin ranar.

Na uku, sufuri. Jirgin ƙasa mai sauri daga tashar St Pancras ta Landan yana kai ka tashar Dover Priory cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Ka kiyaye: fadar Leeds ba a birnin Leeds na arewa take ba, tana kusa da Maidstone ne, a kan tsibirai biyu cikin tafki. Daga tashar Hever kuwa akwai tafiyar ƙasa ta kusan mil ɗaya, don haka ka sa takalmin da ba ya tsoron taɓo, ka riƙe rigar ruwa.

Na huɗu, kada ka yi haɗama. Wuri biyu a yini ya isa, Dover ma ka ba ta yini guda ita kaɗai. Fara da ramukan da aka haƙa cikin farin dutsen da fadar ke kai, tun layi bai yi tsawo ba. Daga nan ne kwamandan sojan ruwa Bertram Ramsay ya jagoranci kwaso sojoji fiye da 338,000 daga Dunkirk ta Faransa a 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Sannan ka hau babbar hasumiyar da Sarki Henry na II ya gina a shekarun 1180. Idan sama ta washe za ka hango Faransa. Kusa da cocin da ke ciki akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa tun zamanin Rumawa, wadda mutane da yawa ke wucewa ba su ɗaga kai ba. A ganina ita ce abin da ya fi cancantar a tsaya a kalla.

A Hever, inda Anne Boleyn, matar Henry na VIII, ta yi ƙuruciyarta, ka ware lokaci don lambun da attajiri William Waldorf Astor ya sa aka shimfiɗa bayan ya sayi fadar a 1903. Masu aikin sa-kai da ke tsaye a ɗakuna sun san tarihin kayan da ke ciki, kuma suna son a tambaye su. Kafin ka ɗauki hoto a cikin gida, fara neman izininsu.