Yadda za ki tsaya wa 'yar'uwarki idan ciwon damuwa ya kama ta

Na daɗe ina aikin jinya a sashen awon ciki da na masu jego, kuma da wuya in ga wadda ciwon damuwa ya kama ta kawo kanta asibiti ta ce ga abin da ke damuna. Kusan kullum wata ce ke riƙo hannunta, ko yayarta, ko ƙawarta, ko mahaifiyarta, wani lokaci malamar makarantarsu. Shi ya sa da ke nake magana, 'yar'uwa, ke da kika ga ƙanwarki ko 'yarki ta canza kin rasa ta inda za ki fara.

Ki fara da lura, ki kuma riƙa ƙirga kwanaki. Ɓacin rai na kwana biyu kowa na yin sa. Abin da likita ke dubawa shi ne ƙunci, ko rashin jin daɗin duk abin da a da take so, wanda ya kai mako 2 ko fiye, kusan kullum, mafi yawan yini. Sai barci ya lalace, ta farka tsakar dare ta kasa komawa, ko ta yini a kwance. Ta daina kula da jikinta, ta janye daga ƙawaye, karatu ya ja baya. 'Yan mata masu tasowa sau da yawa ba kuka suke yi ba, saurin fushi ne ke fitowa, sai a ɗauka rashin kunya ce a hau su da faɗa. Wasu kuma jiki ne ke magana a madadinsu: ciwon kai da ba ya jin magani, faɗuwar gaba, nauyin ƙirji, kasala. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma a wannan ciwo fuska tana iya ɓoyewa. Na san waɗanda ke dariya da baƙi, baƙin na fita su shige ɗaki su rufe ƙofa. Kada kuma ki ɗauka gidanku kaɗai abin ya faɗa wa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin matasa 7 masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma ciwon damuwa ya fi kama mata sama da maza.

Idan mai jego ce, akwai abu uku da nake so ki bambance. Kwana 2 ko 3 bayan haihuwa mata da yawa kan shiga kuka ba dalili da saurin ɓacin rai, wannan yakan wuce da kansa kafin mako 2. Idan ya zarce haka, tana cewa ita ba uwa ta gari ba ce, ba ta jin jaririn a ranta, ko ba ta iya barci ko da jaririn ya yi barci, to ya zama ciwo, kuma fiye da mace 1 cikin 10 na shiga wannan hali a lokacin ciki ko bayan haihuwa. Na ukun ba shi da yawa, mace 1 ko 2 cikin 1,000 yake kamawa, galibi a makonnin farko: ta rikice, ta kwana da kwanaki ba barci, tana jin muryoyi ko tana zargin za a cutar da jaririn. Wannan ba a kwana da shi a gida. A kai ta asibiti a ranar, kuma kada a bar ta ita kaɗai da jaririn kafin a isa.

Buɗe maganar shi ne ya fi ba mutane wuya. Kada ki tara mata jama'a, kada ki zaunar da ita gaba da gaba kamar mai laifi. Ki same ta ku kaɗai, kuna wani ɗan aiki ko kuna tafiya, ki faɗi abin da idonki ya gani: “Na ga kwanan nan ba kya barci, kin kuma daina fita. Me ke faruwa da ke?” Daga nan ki yi shiru. Shirun zai yi miki tsawo, ki daure. In ta ce ba komai, ki ce to, ina nan, ki sake tuntuɓarta bayan kwana biyu. Da yawa sai a karo na biyu ko na uku suke buɗe ciki, bayan sun tabbata ba tsegumi ya kawo ki ba.

Akwai kalaman da muke faɗa da kyakkyawar niyya amma suna rufe bakin mai ciwo. “Me kika rasa?” “Wasu sun fi ki matsala.” “Rashin tawakkali ne.” Na ƙarshen nan ya fi yi mini ciwo, domin mai wannan lalura dama tana ganin kanta mai laifi a komai, sai ki ƙara mata da cewa tsakaninta da Ubangijinta ma ta gaza. Ki yi mata addu'a, ku yi tare in tana so, amma kada addu'ar ta zama hanyar kashe zancen.

Ki tambaya a hankali ko akwai mai cutar da ita, da duka, da tilastawa, ko da barazanar yaɗa hotunanta a waya. Kusan mace 1 cikin 3 a duniya ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi, kuma sau da yawa shi ne tushen ciwon. In ta faɗa miki, ki yarda da ita, kada ki garzaya ki tunkari mutumin ba da saninta ba, domin ita za ta koma ta kwana a gidan.

Sai tambayar da kowa ke tsoro. Ki yi ta kai tsaye, da murya a kwance: “Kin taɓa tunanin kashe kanki?” Tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar wadda ba ta da shi, masu bincike sun duba wannan sun tabbatar, wadda kuma take da shi takan ji an sauke mata kaya. In ta ce e, kada ki yi salati da ƙarfi ko ki hau wa'azi. Ki ci gaba da tambaya: ta tsara yadda za ta yi? Ta tanadi wani abu? Ta taɓa gwadawa? Idan akwai shiri ko ta taɓa gwadawa, kada a bar ta ita kaɗai, ku tafi asibiti yau. Ki kwashe magunguna, da maganin ƙwari da na ɓera, da igiya da duk abu mai kaifi, ki kulle ko ki fitar da su daga gidan. Wannan ba ƙaramin mataki ba ne. Tsananin tunanin yakan taso ne ya lafa cikin ɗan lokaci, in ba abin da hannu zai kai gare shi sai mutum ya tsira. Ƙasar Sirilanka da ta hana sayar da magungunan ƙwari mafi guba, yawan masu kashe kansu ya ragu ƙwarai. In ta ce ki rantse ba za ki gaya wa kowa ba, kada ki rantse. Ki ce mata sirrinta na nan a wurinki, amma maganar rai sai an sa hannun wani, ita ta zaɓi wanda za a gaya wa. Ki nemo lambar agajin gaggawa ta inda kuke, ki sa a wayarta da taki.

Ba sai kun sami likitan ƙwaƙwalwa kafin a fara ba. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP domin koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gano irin waɗannan lalurori da kula da su, saboda haka asibitin da ya fi kusa, ko wurin da take awo, nan ne mafari. Ki raka ta. Kafin ku je ku rubuta yaushe abin ya fara, yaya barcinta, wane magani take sha, domin a gaban likita takan ce ciwon kai ne kawai ta yi shiru. Za a iya yi mata tambayoyi 9 na takardar auna ciwon damuwa da ake kira PHQ-9, mai jego kuma akwai tambayoyi 10 na ma'aunin Edinbara da ake amfani da shi tun 1987. Ki roƙa a duba jininta, domin ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo kan kawo kasala mai kama da wannan. Idan ma'aikacin da kuka samu ya yi wa maganar riƙon sakainar kashi, ku nemi ganin wani.

Magani ba ƙwaya kaɗai ba ne. Zama da wanda aka horar, ana warware matsalolin ɗaya bayan ɗaya, yana aiki sosai. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama da masu damuwa a kan benci a harabar asibiti, zama 6, kuma binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi. Ki tambaya ko akwai mai ba da shawara ko ƙungiyar mata masu irin wannan zama a kusa da ku, ɗaliba kuma ta fara da ofishin shawara na makarantarsu.

In an rubuta ƙwaya, ki san ba ta aiki nan take. Takan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara ganin canji, kuma a nan ne da yawa ke jefar da ita su ce ba ta yi. Ga wadda ba ta kai shekara 25 ba, makonnin farkon nan ne lokacin sa ido sosai, domin tunanin cutar da kai kan iya ƙaruwa kafin sauƙi ya zo, sai ki riƙe maganin a hannunki kina ba ta na kullum. Mai shayarwa ta gaya wa likita, akwai magungunan da suka dace da ita, ba sai ta yaye ba.

Kada ki ce “in kina buƙatar wani abu ki faɗa”, ba za ta faɗa ba. Ki ce gobe da safe zan zo mu ɗan taka, ko yau ni zan riƙe jaririn ki samu barcin awa huɗu a jere. Ki jawo mutum ɗaya ko biyu da ta amince da su ku raba kwanakin, domin ke kaɗai za ki gaji ki fara jin haushinta. Ranar komawa asibiti ki sa a wayarki. Idan ta ji sauƙi za ta so daina maganin, ki tuna mata ana ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan warkewa, kuma likita ne ke rage shi sannu a hankali, ba a yanke shi rana ɗaya.