Yadda Za Ka Tanadi Kayan Ofishin Kiran Gaggawa Kafin Damina Ta Yanke Hanya

Mu mutanen yankin Hadejia ba mu manta ambaliyar 2022 ba, hanya ta yanke, motar kaya daga Kano sai dogon zagaye, abin da ka yi oda ba a san ranar zuwansa ba. To in kai ke riƙe da teburin da ake kira a turo motar asibiti, ga yadda za ka yi.

Da farko ɗauki biro ka zagaya ɗakin ka rubuta duk abin da in ya mutu kira ba zai shigo ba, waya, caja, oba-oba, inbata, batirin sola, janareto. Gaban kowanne ka sa kwana nawa yake yi kafin ya iso hannunka. Nan ne aikin yake wallahi, don cajar da za ka samu ranar kasuwar garinku ba ɗaya take da batirin da sai an je Sabon Gari ba.

Sai ka sayi na ajiya na masu jinkirin tun kafin Yuni. Amma fa batiri ba buhun gero ba ne da za ka jefa a sito ka manta, mu mun taɓa ajiye sabo dal wata shida ba caji, ranar da wanda muke aiki da shi ya mutu muka jona shi ko fitila bai kunna ba, ga mace tana naƙuda ana ta kira. Duk wata a yi masa caji, na ruwa kuma a duba ruwansa. Fetur ma in ya daɗe a jarka lalacewa yake, ku riƙa ƙona tsohon kuna zuba sabo.

Na uku layin waya biyu na kamfani daban-daban, da ƙaramar Nokia mai riƙe caji kwana da kwanaki. Lambobin direbobi da 'yan yuniyon na tasha a rubuta su a kwali a manna a bango.

Dillali ma kada ya zama ɗaya, nemi wani a Dutse ko Gumel.

Daga nan ku zaɓi rana guda a wata ku kashe inbata da gangan da rana tsaka, mai aikin dare ma ya zo ya gwada jona na ajiyar da hannunsa.